Daga kifin ɗakin bincike zuwa waken kasuwa

 

Wani matashi ya tambaye ni: wai da gaske masana na taɓa halittar kifi? Da gaske ne, amma ba kifin tabkin Tabalak ba. Tun 1962 a Amurka ake raya ƙwayoyin jikin kifi cikin kwalba. Yanzu har ana sa musu ƙwayar gado mai makunni kamar na fitila: a ɗiga wani magani ta kama aiki, a janye shi ta tsaya. Da haka ake gano yadda cuta ke kama kifi. Wannan a ɗakin bincike yake zaune.

Wanda ya iso kusa da mu shi ne wake. A 2019 Najeriya ta amince da Sampea 20-T, irin da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar. An sa masa ƙwayar gado ta wata bakteriya don ya kashe tsutsar da ke cin fure da kwanso, feshi ya ragu.

To, kun san iri ba ya tsayawa a iyaka. Abin da ke kasuwar Illela yau, gobe yana Madawa, a tiya, ba takarda. Don haka kafin ku saya, ku tambayi sunan irin, ku nuna wa malamin gona. Kuma don Allah kowa ya ajiye irin gidansu a rumbu, kar wata damina ta zo a neme shi a rasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.