Aikin Ƙwayoyin Gado a Jikin Tsutsar Siliki ta Daji



Tsutsar siliki ta gida, Bombyx mori, jikar Bombyx mandarina ce, wadda mutanen Sin suka raba da daji shekaru kusan 5,000 da suka wuce. Kiwo ya sauya ta matuƙa: ta yi fari, ba ta iya nema wa kanta ganye, in ta yi fiffike ma ba ta tashi. Amma har yau jinsunan biyu suna barbara su haihu. To ina bambancin ya fito? Wani kaso nasa yana cikin yadda ƙwayoyin gado ke aiki: wacce ta motsa, a wace gaɓa, a wane mataki na girma, da wane ƙarfi.

An fitar da taswirar gadon tsutsar gida a 2004, daga Sin da Japan. A 2009 masana a Sin suka kwatanta tsutsotsi 40, 29 na gida da 11 na daji, suka ware ƙwayoyin gado 354 da alamar kiwo ta bayyana a kansu. Sai dai taswira jerin abin da ke cikin rumbu ce kawai. Mai son sanin abin da ake ɗiba kullum, RNA zai auna.

Ga yadda aikin yake. Ana jiran tsutsa ta kai matakinta na biyar, lokacin da take cin ganye ba ƙaƙƙautawa. A tsaga ta, a zaro jakunkunan siliki biyu, dogaye masu lanƙwasa. Ƙarshensu na baya shi ke yin fibroin, asalin zaren. Tsakiya ke yin sericin, danƙon da ke haɗa shi. Dole a raba su, a tsoma cikin ruwan naitirojin nan take, domin RNA ba ya jira. Wanda ya haɗa sassan wuri guda ya yi asarar kuɗinsa.

A ganina tsutsotsin da ba su gama barin daji ba sun fi ba da mamaki. Fibroin ɗin tsutsar gida sassa uku ne: babbar sarƙa, ƙarama, da P25. Dangin Antheraea, irin su tasar ta Indiya da muga ta Assam mai ruwan zinariya, babbar sarƙar kaɗai gare su, cike da alanin a jere. Kuma a kan itace suke kiwo, cikin rana da ruwa da cuta, don haka ƙwayoyin kariya da na narkar da dafin ganye su ma abin dubawa ne. Wahalar ita ce, ganye da yanayi suna sauya sakamako. Sai an rubuta itacen da tsutsa ta ci da lokacin da aka kama ta.

Mu ma muna da tamu. Tsutsar Anaphe ce ke ba da zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi. Ita taruwa take yi, ɗaruruwa su saƙa gida ɗaya. Wata daga danginta, Anaphe venata, ana cin ta a ƙasar Yarabawa, kuma tana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, har ya jawo ciwon karkarwa da damina.

Kusan duk binciken ƙwayoyin gadon da na ambata a Asiya aka yi shi. Ina kira ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu da su fara tattara jakunkunan silikin Anaphe tun itatuwan da take ci suna tsaye.