Ƙafar Baya: Lacca a Kan Koyon Zamiyar Telemak



Na san wani zai ce me ya haɗa mu da zamiya a kan dusar ƙanƙara, mu da sanyin hunturu ma yake kai mu gindin murhu. Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu karatu ko aiki zai kai su ƙasashen sanyi, kamar yadda ya kai ni Norwe. Baƙon da ya guji wasan masu gida kuwa, a ɗaki zai ƙare watannin sanyi shi kaɗai.

Telemak sunan wani lardi ne a kudancin Norwe. A can, a ƙauyen Morgedal, aka haifi Sondre Norheim a 1825. Shi ne ya yi suna da wannan salo sa'ad da ya ci gasa a 1868 a birnin Kiristiyaniya, wanda yanzu ake kira Oslo. Daga baya salon ya ja baya, sai wasu matasa a Kolorado ta Amurka suka farfaɗo da shi a shekarun 1970.

Mai zamiya yana ɗaura dogon allo siriri a kowace ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya bi gangare. A salon da aka fi sani, takalmi a ɗaure yake gaba da baya. A Telemak kuwa wajen yatsu kaɗai ake ɗaurewa, dunduniya a sake take. Saboda haka in za ka juya hagu, sai ka tura ƙafar dama gaba, ka bar ta hagu a baya, ka ɗaga dunduniyarta, ka lanƙwasa gwiwoyi kamar mai shirin durƙuso. Babban yatsan ƙafar gaba da ƙaramin yatsan ta baya su ne ke danna gefen allunan cikin ƙanƙara. In dama za ka juya, sai ƙafafun su yi musanya.

Horon hawa biyar ne. Na farko, a fili marar gangare, ka riƙa saukowa cikin wannan tsayuwa kana miƙewa, har cinyoyi su saba. Tazarar da ke tsakanin ƙafafu kada ta wuce misalin tsawon takalmi guda. Na biyu, a ɗan gangare mai sauƙi, ka zame kai tsaye kana musanya ƙafafu sannu a hankali, ba tare da ka ɗaga allo daga ƙasa ba. Na uku, ka ratsa gangaren a karkace, ƙafar da ke wajen kwari tana gaba, sa'an nan ka karkata sama har ka tsaya. Wannan rabin juyi ke nan. Na huɗu, ka ɗora sandunan a gicciye a hannuwanka kamar mai ɗauke da tire, domin ƙirjinka ya riƙa fuskantar kwari, kada kafaɗu su bi ƙafafu. Na biyar, ka bar ƙafa ɗaya a gaba, ka juya hagu da dama ba tare da musanya ba. Wannan shi ke tona asirin kowa.

Wane asiri? Na ƙafar baya. Ɗan koyo allon gaba yake kallo, don haka a kansa yake jibga nauyinsa duka, ya bar na baya yana ja kamar jela. Ni ma haka na yi. Na tsallake hawa uku na farko domin ina ganin aikin yara ne, na hau babban gangare. A juyi na biyu allon baya ya kauce ya harɗe na gaba, na kife, na gurɗe a gwiwa. Sauran watannin sanyin ta taga na riƙa kallon abokaina. Da na koma, malamar da ta karɓe ni ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai mai da ni cikin yara, ta ce in raba nauyina daidai a kan ƙafafu biyu, in danna gindin yatsun baya har in ji ƙasa.

Ga mu nan muna shirin kama aiki, kowa idonsa na kan gaba: digiri, muƙami, kujera. Amma abin da ba a gani, wato maimaita ƙaramin aiki har ya zama jiki, shi ke riƙe mutum in hanya ta yi kwana. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda ya samu kansa a ƙasar ƙanƙara, ya nemi malami, ya fara daga fili, kada ya ji kunyar tsayawa a sahun yara.