DAMUWA MAI DAƊEWA: ILLARTA GA JIKI DA HANYOYIN KARE KAI



Maganar da za a yi yau ta shafi wani ciwo ne wanda ba shi da ƙurji balle a gan shi, amma yana cin jiki a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Wannan ciwo kuwa shi ne damuwa mai daɗewa, watau zaman da mutum kan yi wata da watanni cikin fargaba da ƙuncin rai, ko saboda bashi, ko kuɗin haya da na makaranta, ko rashin aiki, ko rigimar cikin gida.

Da farko ya kamata a san cewa tsoro da fargaba halitta ce da Allah Ya yi wa ɗan Adam don kare kansa. Wani masani na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan a 1915. Idan mutum ya yi arba da maciji, nan take ƙwaƙwalwa za ta aika saƙo ga wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda, su kuwa su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, jini ya kwarara zuwa ga hannuwa da ƙafafu don mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Daga baya wani sinadarin, kotisol, ya biyo, ya ƙara sukari cikin jini don a sami ƙarfi. Da haɗari ya wuce, sai jiki ya koma yadda yake.

To, ɓarna tana zuwa ne idan abin tsoron ya ƙi wucewa. Maciji a kan kashe shi a huta, amma mai bin bashi gobe ma yana nan tafe. A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya gwada wahalar da ɓeraye na tsawon lokaci. Da ya duba cikinsu sai ya tarar gaɓoɓin nan na bisa ƙoda sun kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta sun ƙanƙance, tumbinsu kuma ya yi gyambo. Ya ce jiki kan bi matakai uku: firgita, sa'an nan jurewa, daga ƙarshe gajiya.

Ga ɗan Adam, zuciya da hanyoyin jini su ne kan gaba wajen shan wahala. Damuwar da ta daɗe tana taimaka wa hawan jini, shi kuwa hawan jini shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, aka buga a 2004, ya nuna masu fama da damuwar gida da ta wurin aiki sun fi saura fuskantar bugun zuciya. Har ila yau, kotisol idan ya yi yawa yana wahalar da mai ciwon sukari, yana kuma raunana garkuwar jiki. A 1991 an buga sakamakon gwajin da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutane kusan 400 ƙwayar cutar mura a hanci, waɗanda suka fi damuwa su suka fi kamuwa.

Akwai kuma abin da ya kamata a gyara. Da can an ɗauka damuwa ce kaɗai ke kawo gyambon ciki. Amma a 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda haka mai gyambon ciki asibiti zai nufa, don akwai maganin da ke kashe ƙwayar.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da rashin barci, yawan ciwon kai da na wuya, faɗuwar gaba, saurin fushi, mantuwa, da rashin sha'awar abinci ko na iyali.

Mene ne magani? Na farko motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako, watau tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. Na biyu barci, awa 7 zuwa 9 ga baligi, tare da rage goro da shayi da kofi bayan la'asar, a kuma ajiye wayar hannu kafin kwanciya. Na uku numfashi a hankali na 'yan mintoci, domin yana sassauta bugun zuciya. Natsuwa cikin ibada ma tana kwantar da hankali. Na huɗu a riƙa auna jini, in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 a ga likita, a kuma rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini.

Na biyar, wanda ya fi duka, kada mutum ya ƙunshe damuwarsa shi kaɗai. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta tare da danginsu, ya nuna wa duniya cewa zama cikin 'yan'uwa shi kansa magani ne.

Abin da za a guje masa kuwa shi ne neman sauƙi ta hanyar taba da giya da ƙwayoyi irin su Tramadol. Ɓarnar maganin tari mai kodin ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Duk wanda baƙin ciki ya hana shi aiki har mako biyu, ko ya fara tunanin halaka kansa, a gaggauta kai shi asibiti, ba abin kunya ba ne.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma haƙuri bai hana neman magani ba. Wajibi ne kuma shugabanni da masu ɗaukar ma'aikata su biya albashi kan kari, su ba da hutu, domin lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita.

Allah Ya ba da lafiya da zaman lafiya, amin.