Jawabin Shugaban Taro a Wajen Bikin Ƙaddamar da Sabon Diwanin Waƙoƙin Hausa

 

Mai girma Babban Baƙo na Musamman, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, hakimai da dagatai, iyayen ƙasa, Uban Taro da Uwar Taro, Babban Mai Ƙaddamarwa da mataimakansa, shaihunan malamai daga jami'o'i da kwalejojin ilimi, shugabannin ƙungiyoyin marubuta da manazarta, sha'irai da makaɗa, 'yan jarida, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wanda bai ji an ambace shi ba ya yi haƙuri, kujerarsa ta riga ta ambace shi.

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan biki da ya ga dacewar ɗora mini shugabancinsa. Angon namu na yau, marubucin wannan diwani, ba baƙo ba ne a wurin kowa. Ya koyar a firamare da sakandare, ya gabatar da filin waƙa a rediyo, ya yi alƙalancin gasa iri-iri, ya horar da matasa a zaurensa ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ya yi wa yaƙi da jahilci waƙa, ya yi wa noma, ya yi wa zaman lafiya lokacin da ake tsananin bukatarsa. Yau kuma Allah ya nufa ya tattara abin da ya warwatsu a kaset-kaset da littattafan rubutu ya zama diwani guda. Malam, Allah ya saka da alheri.

Mai sharhin littafi zai yi nasa aikin, ba zan shiga gonarsa ba. Amma na karanta diwanin, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne marubucin bai tsaya a zubi ɗaya ba. Akwai 'yar ƙwar biyu, akwai 'yar ƙwar huɗu, akwai 'yar ƙwar biyar mai amsa-amon ciki da na waje. Akwai tahamisi. Akwai madahu da wa'azi, da ta'aziyya, da siyasa, da soyayya, har da zambo, wanda ina fata waɗanda aka yi dominsu ba su zo wurin nan ba. Wasu ya ɗora su a kan ma'aunan Larabci irin su Kamil da Mutadarik da Ramal, wasu a kan karin makaɗan gargajiya da waƙoƙin 'yan mata na dandali. A ƙarshe kuma ya kawo 'yan kaɗan da ya sake su, babu amsa-amo, babu ƙayyadadden kari.

Wannan yawan zubi gado ne. Tun zamanin jihadin 1804 malamanmu ke yin haka. Shehu Usmanu ya yi Tabban Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, ba tare da ya karya kari ko ya ɓata ma'ana ba. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, bai riƙe alƙalami ba, amma ya ɗauki karin kiɗan Caji, kiɗan da malamai ke ƙyama, ya zuba masa Infiraji, har ta zama abin rerawa a bakin almajirai ƙofa-ƙofa. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya shigar da waƙa fagen siyasa da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Alhaji Aƙilu Aliyu kuwa, ai sai dai mu ce Allah ya jiƙansa: mutumin da ya yi 'Yar Gagara shi ne ya yi Hausa Mai Ban Haushi, shi ne kuma ya yi Ƙalubale. Ka buɗe Fasaha Aƙiliya ka ga yadda mutum ɗaya ke sauya murya daga waƙa zuwa waƙa.

Na sha zama da angonmu yana aiki. Ba da alƙalami yake farawa ba. Za ka gan shi ya yi shiru, yana ɗan gunguni a maƙogwaro, yatsa na bugun gwiwa. Karin ne yake nema. Sai karin ya zauna masa sannan kalmomi su fara zuwa, kuma duk wadda ta zo sai ya rera ta ya ji nauyinta: wannan gaɓa doguwa ce, wurin kuwa gajera yake so, to, a nemi wata. Ku roƙe shi ya nuna muku littafin da yake tsara waƙa a ciki. Shafi guda, abin da aka soke ya fi abin da aka bari yawa. Ɗango ɗaya kan kwana ya wuni yana jiran kalma ɗaya tak.

A nan zan ajiye takardar da aka rubuto mini, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ku na baya, ɗalibai, da ku nake, a ajiye wayoyin nan tukuna.

Waƙoƙin nan na ƙarshen littafi, waɗanda na ce ya sake su babu kari, na san su ne za ku fi so, kuma na san gobe wani zai kafa hujja da su ya ce ai Malam ma ya yi. To, Malam ya yi ne bayan ya cika shafuka da aunannun baitoci. Ya san inda ƙa'ida take, ya san dalilin da ya sa ya kauce mata a wannan wuri. Kai fa? Kullum ana turo mini rubuce-rubuce ta Facebook da WhatsApp, a yayyanka zance layi-layi, a liƙa "na" ko "wa" a ƙarshen kowane layi, a ce mini waƙa ce, Baba a sa albarka. In na ce rera mini, sai a ce ai ta zamani ce, ba a rera ta. Ɗana, ba zamani ne ya hana ta reruwa ba, gurguwa ce. Ban hana kowa sabon salo ba, Namangi ma sabon abu ya kawo a zamaninsa, amma da kunnensa ya kawo shi.

Kuma laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Malaman Hausa, ga ku nan a zaune, ku yi mini afuwa. Yaya ake koyar da waƙa a ajinku? A rubuta baiti a allo, a karanta shi kamar labarin jarida, a ce jigo kaza, salo kaza, a haddace domin jarrabawa. Yaro ya gama sakandare, ya shiga jami'a, ya iya jera sunayen ma'aunai da ƙafafuwansu a takarda, amma bai taɓa jin malaminsa ya buɗe baki ya rera baiti ɗaya ba. Wai kunya. Kunyar me? Malaman zaure da suka karantar da mu Ishiriniya, da rawaninsu da furfurarsu, rerawa suke yi, mu amsa. Abin da masana irin su Farfesa Galadanci da Farfesa Ɗangambo suka rubuta a kan aruli da feɗe waƙa an yi shi ne domin ya taimaki kunne, mu kuwa mun mai da shi abin hadda kawai. Su Mudi Sipikin da Aƙilu a ƙungiyoyinsu na Hikima da Hausa Fasaha, ai zama ake yi, kowa ya rera tasa, a gyara masa a gaban jama'a, ya koma gida ya sake. Ina irin wannan zama yake yau? Kowa so yake a yaba masa, ba mai son a ce masa ɗangonsa ya karye.

Don haka ina roƙon hukumomin ilimi, tunda ga wakilansu a nan, a sa rerawa cikin abin da ake auna malamin Hausa da shi kafin a ba shi aji. Ina roƙon gidajen rediyo su faɗaɗa filin sha'irai, a daina tura shi tsakar dare. Shi kuma angonmu, tun muryarsa na nan, a shigar da shi ɗakin ɗaukar murya ya rera diwanin nan daga farko har ƙarshe, a raba wa makarantu.

Wannan kuwa kuɗi yake so, abin da ya kawo mu kan Babban Mai Ƙaddamarwa ke nan. Ranka ya daɗe, na ga kana murmushi. Mun sha halartar taron da ake shelar miliyoyi a lasifika, a yi tafi, marubuci ya ƙare da bin ofis-ofis har takalminsa ya cinye, mai ɗab'i kuma na binsa bashi. Yau kwamiti ya ajiye tebur a bakin ƙofa. Wanda ya yi alkawari ya cika kafin ya fita, wanda ba shi da hali ya sayi kwafi ɗaya ya kai wa makarantar unguwarsu.

Da wannan nake buɗe taro da sunan Allah. Mai gabatarwa, a ba mai sharhin littafi lasifika.