Jawabi Ga Makiyaya Da Ƴan Kasuwar Dabbobi Kan Ƙiba Da Ciwon Sukari

 

Mun saba in muka taru mu yi maganar burtali da rijiyoyi, da allurar shanu da tsadar dusa. Yau an ba ni izini in yi magana kan lafiyar mai dabbar shi kansa. Ciwon sukari da ƙiba mai yawa sun shigo cikinmu. A da muna cewa ciwon mutanen birni ne. Yanzu in ka zaga kasuwar dabbobi, ko Dakwaro ce, ko Abalak, ko Tanut, da wuya ka rasa wanda ya san wani da ciwon ya taɓa masa ido, ko ƙoda, ko aka yanke masa ƙafa. In mai garke ya kwanta, garken ne ake sayarwa ɗaya bayan ɗaya don magani. Shi ya sa maganar ta shafi ƙungiya.

A shekarar 2021 ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka. Ta ce kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima.

Me ya canza a wajenmu? Kakanninmu da ƙafa suke kora shanu har Ibadan da Kumasi, tafiyar makonni. Abincinsu nono ne da gero. Yau dabba a babbar mota take tafiya, ciniki a waya ake yin rabinsa, zuwa ruga a babur ne. Wasunmu kuma tun farin 1973 da na 1984 suka rasa dabbobi suka zauna gari. Zama ya ƙaru, abinci ya canza: farar shinkafa, taliya, burodi, garin rogo da sukari, madarar gwangwani mai zaƙi, lemun kwalba. Ku dubi ragon da ake turkewa don layya. Ana ɗaure shi wuri ɗaya, a ba shi dusa da harawa safe da yamma. Cikin wata uku ko huɗu ya yi kitse. Ɗan uwansa da ke bin garke bai yi ba. Dillalin da ke wuni a rumfa, shayi na zuwa, nama na zuwa, lemu na zuwa, ya turke kansa bai sani ba.

Ga yadda ciwon yake. Duk abin da muka ci na hatsi ko na zaƙi, ciki na mai da shi sukari ya shiga jini. Akwai wata ƴar tsoka a bayan tumbi da ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi. In kitse ya taru, musamman a ciki da hanta, sai mabuɗin ya daina kamawa sosai. Sukari ya taru a jini. In ya yi yawa ƙoda ta zubar da shi cikin fitsari, shi ya sa tururuwa ke taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari. Daga nan sai yawan fitsari da dare, ƙishirwa marar ƙarewa, kasala, hazo a ido, da miki mai ƙin warkewa. Akwai kuma wani iri mai kama yara da samari ko da siririya ne, wanda jikinsu ya daina yin insulin ɗin. Su allura ce rayuwarsu, kuma an gano ta a Kanada a 1921. Don haka rashin ƙiba bai hana mutum ya je awo.

Yanzu ga maganar yunwa, wadda ita ce ta fi wahalar da masu ciwon. Mutane na ganin mai ƙiba ko mai sukari yana yawan ci, sai su ce kwaɗayi ne. Ba kullum ba. Mai sukarin da bai samu magani ba, jininsa cike yake da abinci amma jikinsa bai samu ba, kamar saniya a bakin rijiya babu guga. Sai ya ci, ya sake jin yunwa, ya ƙara ci, sukarin ya ƙara hawa, shi kuma yana ramewa. Irin wannan yunwa magani ne ke kwantar da ita, ƙarin tuwo ba ya yi.

Shi ma mai ƙiba yana da tasa. Masana sun gano a 1994 cewa kitse na aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi, a 1999 kuma suka gano tumbi na aika nasa saƙon na yunwa. In ƙiba ta daɗe, ƙwaƙwalwa ba ta jin saƙon ƙoshi da kyau. In mutum ya fara rage nauyi, saƙon yunwa ƙaruwa yake yi. Ƙarancin barci ma yana ƙara shi, kuma ku kun san daren jajibirin kasuwa da daren lodi. Saboda haka kada mu yi wa ɗan uwanmu dariya. Mu taimaka masa da dabara.

Dabarar kuwa mun riga mun san ta a kiwo. Wane makiyayi ne zai saki shanunsa cikin gyauron dawa don ya ga suna so? Ya san za su ci, cikinsu ya kumbura, wasu su mutu. Saniya ba ta san iyakarta ba, makiyayi ne ke tsayar mata. Haka ciki yake. Kai ne za ka zaɓa masa abin da zai ci, da lokacin, da yawansa.

Mu fara da abin sha, don nan ɓarnar ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya kamar giram 5 ce. Gwangwanin lemu ɗaya mai zaƙi yana ɗauke da kusan ƙwaya 7. To mu yi lissafin shayinmu. A ce kowane ɗan kofi yana da ƙwaya 2. Zama ɗaya kofi 3 ne. In ka yi zama uku a yini, ƙwaya 18 ke nan, giram 90, kafin a zo kan fura da kunu. Kuma abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa, shiga jini yake da sauri, bayan ɗan lokaci yunwa ta dawo. Ban ce ku bar majalisar shayi ba, don can ake zumunci, can ake jin farashi. A rage sukarin kaɗan-kaɗan, harshe na sabawa. Mai ciwon a zuba masa nasa kafin a sa sukari. Zuma da dabino ma suna hau da sukarin jini, kada a ce ai na Allah ne a yi ta ci ba lissafi.

Sai hatsi. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da burodi daɗewa a ciki, sun fi riƙe mutum. Amma su ma sukari suke zama, don haka sai an kula da yawa. Fura abincinmu ce, babu mai raba mu da ita. A dama ta da nono ba sukari, a sha da ludayi a ƙirga, a bar ɗaga ƙwarya sai an ga gindinta. Nono da kindirmo da cuku abinci ne mai kyau, suna kashe yunwa. Sai dai madara na da nata sukarin, kusan giram 50 a lita ɗaya, don haka mai ciwon ya raba ta kashi-kashi cikin yini. A kuma tafasa ta saboda bakkale da tarin fuka. Ana yawan cewa nonon raƙumi na warkar da ciwon sukari. Abinci ne mai kyau, a sha, amma kada wani ya ajiye maganin likita saboda shi.

Ga awo mai sauƙi da likitoci ke koyarwa. Ka raba kwanonka gida huɗu. Gida biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabeji, tumatir. Gida ɗaya wake, ko ƙwai, ko kifi, ko nama marar kitse. Gida ɗaya kacal tuwo ko shinkafa. Ka fara da ganyen da naman kafin tuwon, sukari ba zai hau da sauri ba. Kwaɗon zogale da dambu mai ganye da yawa da dafaffen wake duk suna cikin kasuwarmu, kuma ba su kai lemu da balangu tsada ba. In ka je wajen mai nama, ka ce ya cire maka kitsen, kada ya ƙara man gyaɗa a kai. Gishiri da dunƙulen magi a rage, don hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Yadda muke ci ma yana da nasa. Ranar kasuwa mutum ya wuni bai sa komai a baki ba sai shayi da goro, da dare ya zauna ya ci na mutum uku ya kwanta. Wannan yana ƙara ƙiba, yana kuma rikita sukari. Ka karya da safe, ka ci wani abu da rana ko da gyaɗa ce da nono, na dare ya zama kaɗan. A kwanon taro kowa sauri yake, alhali saƙon ƙoshi sai ya ɗauki kamar minti 20 kafin ya iso. Ka ɗebi naka gefe, ka ci a hankali, ka sha ruwa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na san wani zai ce abin kunya ne ka je gidan mutum ka ƙi abincinsa. Mu da aka sani da fulako, da kame baki a gaban surukai, bai kamata wannan ya gagare mu ba. Ka ce likita ya hana, ka taɓa kaɗan, ka yi godiya. Mai masauki kuma kada ya matsa. Akwai kuma ganin da muke yi wa teɓa, wai alamar arziki ce, in mutum ya rame a fara tsegumi. Ku auna da igiya: zagayen cikinka daidai cibiya kada ya kai rabin tsawonka. In ya wuce, lokacin ragewa ya yi. Ba sai ka koma kamar sanda ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna mutanen da ke dab da kamuwa, da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Tafiyar kuwa minti 30 ce sau biyar a mako. Ka ajiye babur ka bi shanu zuwa mashaya, ka cika ta.

Iyayenmu mata, ga taku. Magungunan ƙiba da ake sayarwa a tire, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, wasunsu na buɗe ciki ne, wasu kuma suna kumbura jiki da fuska, su hau da sukari da jini, su raunana ƙashi. Har akwai masu shan maganin da aka yi don dabba. Ku dillalai da masu sayar da maganin dabbobi, kada ku ba kowa shi don ya sha. Kada a ɗura wa yarinya abinci ko ƙwaya don ta cika ido kafin aure. Maigida kuma ya bar gori. Kuma tunda tukunya a hannunku take, in mai gida ko uwar miji na da ciwon, ku ne rabin maganin.

Ga wanda ke kan magani, gargaɗi uku. Wasu ƙwayoyin da allurar insulin suna iya sa sukari ya faɗi ƙasa in ka sha ba ka ci abinci ba, ko ka yi doguwar tafiya. Alamarsa rawar jiki, gumi, jiri da yunwa mai tsanani. A nan sukari shi ne magani: ka riƙe ƙwaya 3 a aljihu, ka sha nan take, sannan ka ci abinci. Ka gaya wa yaran da ke kiwo tare da kai, don a daji babu likita. Na biyu, kafin azumi ka je likita ya duba ka ya gyara maka lokacin magani, kuma da buɗa baki a fara da ruwa, a bar jera kunu mai sukari da lemu. Na uku, ka duba tafin ƙafarka kowane dare, don ciwon na kashe jin zafi, ƙaya ta shige ka ba ka sani ba. Kada a yi tsaga ko lalas a ƙafar mai sukari.

Abin da nake roƙo, duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da teɓa, ko wani a gidansu ke da ciwon, ya je asibiti da safe kafin ya ci komai a ɗiga masa jinin yatsa. In awo ya kai giram 1.26 a lita, aka sake kuma ya nuna haka, ciwon ne, a fara magani. Shugabannin rassa kuma su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa ranar kasuwa ko ranar allurar shanu, a auna masu shanun su ma. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, muna iya farawa da ita.

Wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba, a ruga da rumfa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.