Furen Sukari a Kasuwar Umdurman

Iyayena makiyaya da ke ruga, da ku 'yan kasuwa da kuke zaune gindin mota kuna jiran a ɗaga shinge a kan iyaka, Allah ya ba da sa'a. Yau za mu ɗan ajiye farashin raƙumi da na buhun gero, mu yi maganar kek. E, kek dai, wanda ake yi wa ado da furanni a rubuta sunan yaro a kansa ranar zagayowar haihuwarsa, da kuma 'yan matan da suka ɗauki yinsa sana'a a cikin gidajensu a Umdurman ta ƙasar Sudan. Na san Ardo ya fara gyara zama yana cewa ina ruwan biri da gada. Ka ba ni aron kunne, Baba. Kafin mu gama za ka ga man shanunka a cikin zancen, Alhaji mai mota kuma zai ga buhun fulawarsa.

Wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Muwailih, yamma da gari, ya san Umdurman. Tana gaɓar yamma ta kogin Nilu, tana kallon Hartum. Ta zama gari sosai ne daga 1885, lokacin Mahadi da Halifa Abdullahi, kuma babbar kasuwarta tun wannan zamanin take ci: layin maƙeran zinariya daban, na dukawa masu takalmin markub daban, na masu turare da kayan yaji daban. Kakanninmu da suka bi hanyar Makka a ƙasa sun ratsa ta nan, da yawa kuma suka zauna. Har yau in ka ji ɗan Sudan ya ce zai sayi agashe, to tsiren Bahaushe yake nufi, sunan ma namu ne.

Mutanen garin nan sun daɗe da sanin kayan zaƙi. A watan Maulidi, filin Halifa cika yake da rumfuna, ana sayar da alewar riɗi da ta gyaɗa, da 'yar tsana ta sukari wadda suke kira amaryar Maulidi, da doki na sukari domin yara maza. In azumi ya kai goman ƙarshe kuma, mata sai su taru gida ɗaya su kwaɓa kayan Sallah da suke kira habiz, a jera a manyan farantai, yara su ɗauka a ka zuwa gidan burodin unguwa a gasa musu. Kek mai ado, wanda su suke ce wa torta, shi ne baƙo. Da can sai a manyan shagunan Hartum ake samunsa, na masu hali. Wayar hannu ce ta sauko da shi cikin unguwa. Yarinya ta kalli yadda ake yi a YouTube, ta gwada a ranar haihuwar ƙaninta, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, kafin mako ya zagayo maƙwabciya ta aiko tana son irinsa. Haka ake farawa a Umdurman, haka ake farawa a Kano da Maraɗi.

Abin da ya bambanta 'yar Umdurman, a ganina, hannunta ne. Ku tambayi matan gidanku ina aka samo baƙin lallen nan mai zane da ake yi wa amare, za su ce muku na Sudan ne, kamar dilka da humra. Yarinya a can tana tasowa tana ganin mai lalle ta naɗe leda kamar mazurari, ta huda tsininta, tana matsawa a hankali tana fitar da ganye da reshe a bayan hannun amarya. To ledar da ake matsa kirim a kan kek ita ce wannan ledar, sai dai an ƙara mata bakin ƙarfe. Yadda za a riƙe numfashi kada layi ya karkace, yadda za a sassauta yatsa a ƙarshen ganye domin ya fito da tsini, duk ta gani tun tana ƙarama. Shi ya sa in kun duba hotunan kek ɗinsu za ku ga wani zanen kamar daga tafin hannun amarya aka ɗauko shi.

Kuma in ka zauna da mai wannan sana'a za ka gane gashin ba shi ne abin da ya ja ta ba. Gashi lissafi ne: fulawa giram 250, sukari giram 250, bota giram 250, ƙwai 4 ko 5, a buga, a sa a obin mai zafin digiri 180, minti 40 ko kusa da haka. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi a babbar tukunya ta ɗora kan gawayi, yana gasuwa. Daɗin yana farawa ne bayan kek ya huce sarai. Ta yanke tudun sama ya daidaita, ta shafa kirim siriri na farko domin ya kama ɓurɓushi, ta bar shi ya daskare, sannan ta shafa na biyu tana juya faranti da hannun hagu har gefe ya yi sumul kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Daga nan sai furanni. Fure ɗaya na wardi, ganye-ganye ake gina shi daga tsakiya zuwa waje, in ɗaya ya faɗi sai a kankare a sake. Uwa na kira a zo a ci abinci, ita ko tana tsugune tana gyaran wutsiyar wani harafi a sunan yaron da ba ta taɓa gani ba. Makiyayin da ke tashi tsakar dare ya duba saniyar da ke naƙuda ya san irin wannan hali, ba sai an yi masa bayani ba.

Babban abokin gābarta zafi ne. Bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, Hartum da Umdurman kuwa a watan Mayu da Yuni zafi na haura 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Furen da aka yi awa biyu ana ginawa, minti goma a cikin raksha, wato Keke Napep ɗinsu, ya ishe shi ya kwanta. Sai ka ga yarinya ta rungume kwali a cinya tana roƙon direba ya bi ramuka a hankali, in kuma aka yi rashin sa'a guguwar habub ta taso, ƙura ta sami abin liƙewa. Wannan ne ya sa yawancinsu suka koma kirim na gari da ake kaɗawa da ruwan sanyi ko madara, wanda da man itatuwa ake yinsa, ya fi jure zafi, ya fi araha, amma wallahi bai kama ƙafar bota a baki ba.

A nan Ardo zai ce, to ga man shanu, me ya hana? Tambaya ce mai kyau. Soyayyen man shanu, wanda 'yan Sudan ke kira samin, an riga an ƙone ruwan da ke cikinsa, don haka ko an kwana ana bugawa ba ya tashi ya riƙe iska yadda bota ke yi. Yana gyara basbusa da kayan Sallah ƙwarai, amma fure ba ya tsayuwa da shi. Ɗanyen man da aka kaɗe daga nono shi ne ɗan'uwan bota, sai dai yana ɗauke da tsamin nono, kuma kafin ya iso gari daga ruga ba sanyi ya riga ya sauya. Abin da ya raba matar makiyayi da wannan kasuwa ke nan: tsabtar kaɗi, wankin man da ruwan sanyi har tsamin ya fita, da abin da zai riƙe masa sanyi a hanya. Ƙasa mai shanu kamar Sudan, amma mai kek tana neman bota ta cikin takarda. Ƙungiyoyin mata masu nono da suka fara samun firji mai aiki da hasken rana, wannan magana taku ce.

Sauran kayan ma kowanne da doguwar tafiyarsa. Yawancin alkamar da Sudan ke ci daga waje take zuwa, mai yawa daga Rasha, a sauke a Bur Sudan, kafin yaƙi kuma akan hau da ita manyan injinan niƙa irin su Sayga da Wheata a Hartum Bahri. Sukari akwai na gida, na kamfanin Kenana da aka kafa a 1975 a jihar Farin Nilu, amma bai isa ba, ana ƙarawa da na Indiya. Sai ƙaro. Wannan ƙaron dakwara da yaranku ke ɓantara a daji suna tsotsa, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, daga Kurdufan da Darfur, har Amurka da ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi a 1997 ta ware ƙaro ta ce shi dai ya ci gaba da shigowa. Masu adon kek na jiƙa garinsa su liƙa furen sukari da shi, ko su shafa domin ado ya yi ƙyalli.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Ranar ta zo daidai da 24 ga Ramadan, wato lokacin da mata suka sayi fulawa da sukari suna shirin kayan Sallah. Injinan Bahri suka tsaya. An wawashe kasuwar Umdurman, wasu layukanta suka ƙone. Jami'o'i suka rufe ƙofa, har da Ahfad ta mata zalla da ke cikin garin, albashi ya yanke wa ma'aikata da yawa. Ciniki ya koma arewacin gari, wajen Karari, inda kasuwar Sabirin ta cika, ita ma ranar 1 ga Fabrairu 2025 aka yi mata ruwan wuta, mutum fiye da 50 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Soja sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa gida, amma a watan Mayu jirage marasa matuƙa suka bugi tashoshin lantarki na Umdurman, gari ya shiga duhu. Ga mai kek, rashin wuta na nufin ba firji, ba injin bugu, kirim ɗin da ta saya da bashi ya lalace kafin gari ya waye.

Za ku ce wa ke sayen kek a irin wannan hali, garin da mutane ke layi da kwano a takiyya, wato ɗakin dafuwar taimako na unguwa? Ana saye. Ba mai hawa uku ba, ƙarami, wani lokaci ɗan'uwa ne da ke Saudiyya ko Masar zai turo kuɗi ta Bankak ya ce a kai wa 'yarsa da ya shekara biyu bai gani ba. Ga gida da yawa kuma, abin da ake yi wa dariya da can ana cewa wasan 'yar makaranta, shi ya koma kuɗin cefane.

To a nan ne nake da magana da su 'yan matan, da na Umdurman da namu na nan, domin son da suke yi wa adon shi ne ke cin ribarsu. Mai kek za ta lissafa fulawa da ƙwai, ta manta gawayi ko gas, ta manta kwali da kuɗin raksha, ta manta wunin da ta ɓata. An yi ciniki a kan fure biyar, ta ga gefe ɗaya ya yi fili, zuciya ta ƙi, ta ƙara uku kyauta. Ga kuma kuɗin ƙasar da ba ya tsayawa wuri ɗaya: kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, kafin 2024 ta ƙare ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Wadda ta yanke farashi ranar Asabar domin bikin Juma'a, ta tarar tiren ƙwai ya tashi ranar Laraba, daga aljihunta za ta cika. Kowane ɗan kasuwar kan iyaka ya san maganin wannan, a karɓi kuɗin kaya a hannu tun ranar ciniki, a saya a ajiye, ladan hannu ya biyo baya. Alhaji, in kana da 'ya ko ƙanwa mai wannan sana'a, zama ɗaya da littafin lissafinka ya fi mata kyautar injin bugu.

Na san akwai malaman da ba su yarda da bikin ranar haihuwa ba, akwai kuma waɗanda ba su ga laifinsa ba in babu saɓo a ciki. Wannan filin ba na fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Ita dai mai kek ba ta rasa aiki, ga suna, ga ɗaurin aure, ga saukar Alƙur'ani.

Ku kuma masu shago da masu ɗauko kaya, waɗannan yara abokan ciniki ne da ke dawowa duk mako, amma jarinsu ƙarami ne. Wanda ya yarda ya fasa buhu ya auna musu kilo-kilo, ya raba garin koko da garin sukari a ƙananan ƙulli, shi zai riƙe su. Abu ɗaya nake roƙo, a duba kwanan wata a jikin gwangwanin hodar tashi da kirim kafin a ɗora a mota, domin kayan da suka yi wata suna gasuwa a rana a bakin shinge ba sa tashi a obin. Launi kuma a tabbatar na abinci ne. Garin rinin tufafi ya fi araha, a ido kusan ɗaya suke, kuma yaro ɗan shekara uku ne zai fara lashe jan furen nan kafin a yanka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan farashin dabbobi. A huta lafiya.