Takin Zomo a Garkar Gida: Jawabi ga Iyaye Mata da Masu Faɗakarwa na Gidigir

 Zancenmu na yau a kan kashin zomo ne, abin da ake sharewa kowace safiya a zubar bayan danga, alhali kuwa yana iya ƙara wa yaro cefane a kwanonsa.

Mu fara da kwanon. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa 23 gida 8: nonon uwa, hatsi da rogo da dankali, wake da gyaɗa, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itace masu bitamin A, irin su zogale da karas da kabewa, sai sauran kayan lambu, kamar tumatir da kabeji. Ana son yaro ya samu aƙalla 5 daga cikinsu kowace rana. Yaron da ke shan nono da kunun gero kawai, 2 ya samu. Garka ƙarama mai wake da zogale da tumatir tana cike masa sauran 3, in kuma an yanka zomo, ga na 6.

Kun fi kowa sanin ƙasarmu. A kan tudu rairayi ne, ruwa na wucewa kamar an zuba a rariya. A cikin kwari, inda dabino da goruba suke, ƙasa na da damshi amma kanwa tana tasowa ta ƙone shuka. Takin zamani yana da tsada, kuma ba ya koya wa rairayi riƙe ruwa. Takin shanu da awaki kuwa yakan tafi gonar gero, garkar mace ta samu saura. Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Haka takinsa yake gaban na shanu: ƙanana ne ƙwayoyinsa, busassu, ba su da wari sosai, suna ɗauke da sinadarin da ke sa ganye kore da wanda ke ƙarfafa saiwa, kuma a cikin gidanki ake samunsa kullum ba da kuɗi ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne ginshiƙin wannan jawabi. Za ku ji ana cewa kashin zomo ba ya ƙona shuka, don haka a zuba shi ɗanye. Gaskiya ne bai kai na kaji zafi ba, amma kowane ɗanyen kashin dabba yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar zawo. Yaron da ya ci salati ko tumatir da ya taɓa shi, ko ya yi rarrafe inda aka zubar da shi ya kai hannu baki, zai iya kamuwa. Zawo na kwana kaɗan ya isa ya zubar da ƙibar da uwa ta yi watanni tana tarawa, kuma ta wannan ƙofa tamowa take shiga. A Amurka, ƙa'idar noma marar takin zamani ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Garkarmu ba ta jira haka, saboda haka mu ruɓar da takin kafin ya shiga fangali.

Ga yadda ake yi. A ɗora akurkin zomo bisa ƙafafu, ƙasansa da ramuka, a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙarƙashi domin ya tare kashi ya tsotse fitsari. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamu ɗaya zuwa biyu, nesa da rijiya da madafa, a kewaye shi da ƙaya. A fara shimfiɗa karan gero da aka daddatsa ko busassun ganye, a bi da kashin zomo tare da ƙaiƙayinsa, a yayyafa ruwa, a sake wani sahu, har ramin ya cika, sannan a rufe da tsohuwar tabarma. Damshi ake so, ba jagwab ba. Bayan kwanaki za ki ji cikinsa ya ɗauki zafi, wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta. A juya shi kowane mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi sanyi, ya riƙa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. To ya nuna. Wadda ta buɗe raminta a watan Agusta za ta samu taki a Nuwamba, daidai shigar noman rani. A gauraya shi da ƙasa kafin shuka, cikin tafin hannu 1 ko 2 ga kowane gurbi.

Kada a saka bayan gidan mutum, ko kashin kare da kyanwa, ko mushen zomo a wannan rami. Masu garka a kwari su rage toka, domin toka tana ƙara wa kanwa ƙarfi. Kada a aiki ƙananan yara kwasar taki. Duk wadda ta taɓa shi ta wanke hannu da sabulu kafin ta shayar da jariri ko ta dama kunu, kuma a wanke kayan garka da ruwa mai tsabta, na ƙaramin yaro a dafa.

Shi ma zomon yana da haƙƙi. Cikinsa kwana 31 ne ko kusa da haka, yana haifan ƴaƴa da yawa, amma ba ya jure zafi. A watannin Afrilu da Mayu rufin kwano kan kashe shi, sai a yi masa rumfar zana mai shan iska, ruwa kada ya yanke. Harawar wake da ta gyaɗa, dusa da ganyen dankali su ne abincinsa. In suka fara mutuwa, a binne mushen a nemi malamin dabbobi.

Ku masu faɗakarwa, idan kun shiga gida ku duba abu uku: ina akurki yake daga wurin wasan yara, shin ramin a killace yake, kuma akwai sabulu kusa? Ku tuna wa uwa awon damtsen ɗanta mai wata 6 zuwa shekara 5. A nan jiharmu ta Damagaram, a Mirya, aka nuna cewa uwa da kanta tana iya wannan awo daidai. Kore lafiya ne. Rawaya gargaɗi ne, a je likita. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, a kai yaro likita ranar nan, kada a tsaya jiran garka. Garka rigakafi ce, magani yana hannun ma'aikatan lafiya. Jariri kuwa har ya cika wata 6 nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata.

Allah ya sa albarka a garkarku, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.